Samanja Mazan Fama: Banufen da Ya Mai da Barikanci Adabi

Gabatarwa

Ranar Lahadi, 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81 a duniya. Da a ce masu sanarwa sun tsaya a kan wannan suna kaɗai, da mutane ƙalilan ne za su gane ko wane ne aka rasa. Amma da aka ce Samanja, sai kowa ya yi salati, domin kuwa duk wanda ya mallaki hankalinsa a ƙasar Hausa tsakanin shekarun 1970 da na 1990 ya san wannan murya mai tsawa, ya kuma san wannan gashin baki. Iyakar nasarar ɗan wasan kwaikwayo ke nan, wato sunan aro ya haɗiye sunansa na yanka.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan bawan Allah, mu ga inda ya fito, da irin zamanin da ya yi tashe a cikinsa, da kuma abin da ya yi wa harshen Hausa. A ganinmu babban aikin Samanja a kan harshe ya yi shi. Ya ɗauki wata irin Hausa da malamai ke ƙyama, masu gari kuma ke yi wa dariyar raini, wato Barikanci, ya shiga da ita gidan rediyo da talabijin, ya sa ta faɗi abin da baƙin jarida bai isa ya faɗa ba a lokacin da bindiga ke mulki. Mu da ke fafutukar rubutu muna da darasi a cikin wannan tarihi, muna kuma da bashi a wuyanmu.

Daga Pategi Zuwa Kaduna

An haifi Usman Baba ranar 20 ga watan Mayu na 1942 a garin Pategi, wanda ke bakin kogin Kwara, kusa da inda kogin Kaduna ya faɗa cikinsa. A wancan lokaci garin yana cikin Lardin Ilori, yau kuwa yana Jihar Kwara. Pategi garin Nufawa ne, kuma masarauta ce da aka kafa a 1898, bayan Turawan kamfanin Royal Niger sun ci Bida da yaƙi a 1897, inda aka ɗora zuriyar tsofaffin sarakunan Nufe a kan gadonta. Daga wannan gidan sarauta Usman ya fito. Ashe ke nan mutumin da ya shekara da shekaru yana sa Hausawa dariya ba da Hausa ya fara buɗe baki ba, Nufanci ya sha a nono. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Ya yi makarantar elementare a garinsu, ya wuce makarantar Midil ta Ilori, daga nan ya tafi Kaduna ya zauna a hannun wani ɗan'uwan iyayensa. Ya taɓa aiki a ɗakin ajiyar kaya na Ma'aikatar Ayyuka kafin ya sami shiga gidan rediyo. To, Kadunar da ya tarar ba irin Kano ko Katsina ba ce masu ganuwa da tsohuwar fada. Gari ne da Turawa suka ƙirƙira, suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917, suka cika shi da barikokin soja da ofisoshi da ma'aikatan reluwe, daga baya kuma masaƙu suka zo, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957. Banufe da Bayarabe da Tibi da Babarbare da Igbo da mutanen kudancin Zariya duk a nan suka haɗu, kuma babu harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha da gidan haya sai Hausa, kowa da irin tasa. Yaron da ya zo daga Pategi ya koyi Hausa ne a tsakiyar wannan hayaniya, yana jin yadda kowane baki ke lanƙwasa ta. Ɗan gari ba ya kula da irin wannan, don shi harshen a jininsa yake. Baƙo shi ke kasa kunne.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, tare da haɗin guiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Wasan kwaikwayo na zamani ya riga ya fara tsayawa da ƙafarsa a lokacin. An buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, sannan Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda a rediyo aka fara jin su kafin su zama littafi. Sabon gidan yana bukatar masu murya da masu ban dariya da za su cika masa lokaci kowane mako, saboda haka sai ma'aikatansa suka zama su ne 'yan wasa. A cikin wannan tawaga, wadda ta ƙunshi irin su Yusuf Ladan mai Zaman Duniya Iyawa Ne, da Mamman Ladan, Usman Baba ya fara goge bakinsa.

Asalin Barikanci

Kafin mu kai ga shirin da ya fito da shi, ya kamata mu tsaya mu dubi harshen da ya yi aiki da shi. Barikanci ya girmi Samanja da kusan shekara ɗari. Tun a 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa, kuma daga ita ne ake lissafin asalin sojan Nijeriya. Da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga a 1897, Hausa ce ta zama harshen bariki. Da ita hafsan Bature ke ba da umarni, da ita kurtun da ya fito daga tsaunukan Filato ko kwarin Binuwai ke amsawa, alhali kuwa ba ɗayansu da ya gaje ta. Da wannan Hausa aka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma komo da ita.

Daga wannan zama ne muka sami kalmomi irin su soja da kurtu da kofur da saje da hafsa da fareti da bariki. Ita kanta kalmar samanja daga sergeant-major ta Turanci aka karyo ta. Amma Barikanci ya wuce aron kalmomi, yana da nasa tsari. Ba ya bambanta namiji da mace, sai ka ji an ce yarinya ya zo, ko a kira mace da kai. Ba ya kula da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka ƙarya da karya duk ɗaya ne a wurinsa, haka ɗaki da daki. Harafin ts kan koma s, sai tsoro ya zama soro, kuma sojan da ke son ka tsaya ya daka maka tsawa ya ce ka saya. A kan wannan kuma sai a barbaɗa Turancin buroka da kalmomin fareti. Ga Bahaushen birni wannan gurɓatacciyar Hausa ce, abin da ake yi wa yaro faɗa in ya kwaikwaya. Ga miliyoyin mutanen Arewa kuwa ita ce Hausar da suke ciniki da neman aure da faɗa da sulhu da ita.

Yaƙi da Abin da Ya Haifar

A shekarun 1960, lokacin da ƙasa ta rikice aka shiga neman samari su sa kaki, Usman Baba ya bar gidan rediyo ya shiga soja. An horar da shi a makarantar sadarwa ta soja da ke Apapa a Ikko. Wato ya tsaya fareti a gaban samanja na gaskiya, ya sha tsawarsa, ya kwana a bariki, ya ga yadda matan soja ke zama da juna, ya ga yadda albashi ke ƙarewa kafin wata ya raba. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sauya fuskar sojan Nijeriya baki ɗaya. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da ɗoriya ba kafin yaƙi, ta kumbura ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Barikokin da ake da su ba su isa su ɗauki wannan taro ba, don haka sojoji da yawa suka zauna a gidajen haya cikin unguwanni, suna haɗa rijiya da famfo da farar hula. Kusan kowane ƙauye ya sami nasa ɗan da ya tafi ya komo da sabuwar tafiya da sabon baki. Soja ya tashi daga abin da ake jin labari ya zama maƙwabci, kuma maƙwabcin da ake jin tsoro, domin a kan abu kaɗan yana iya cire bel. Bugu da ƙari, tun daga juyin mulkin Janairu 1966 har zuwa Mayu 1999, in aka cire shekara huɗu da 'yan watanni na Shagari da 'yan watannin Shonekan a 1993, masu kaki ne ke riƙe da ƙasar.

A cikin wannan yanayi ne, a farkon shekarun 1970, shirin Samanja Mazan Fama ya ɓullo daga Kaduna. Ruwa ba ya tsami banza. In muka leƙa wasu ƙasashe za mu ga cewa wasan barkwanci na bariki yakan yi kasuwa ne bayan babban yaƙi, lokacin da jama'a da yawa suka ɗanɗani kaki. A Amurka an yi shirin Saje Bilko daga 1955 zuwa 1959, a Ingila kuma kamfanin Granada ya yi The Army Game daga 1957 zuwa 1961. A nan gida ma, a ɗaya ɓangaren da aka gwabza yaƙin, James Iroha ya ƙirƙiro shirin Masquerade a Inugu, inda Chika Okpala ya fito a matsayin Cif Zebrudaya yana murɗe Turanci kamar yadda Samanja ke murɗe Hausa. Mutanen da suka sha wuya a ɓangarorin biyu duk sun nemi magani a wuri guda, wato dariya a kan baki mai karyayyen harshe.

Yadda Wasan Yake

Tsarin shirin ba shi da wuyar ganewa. Bariki ne dandalin, Samanja kuma shi ne dodon wurin: mutum mai kaki a goge, mai gashin baki kamar tsintsiya, mai ganin duniya duka filin fareti ce. Kewaye da shi akwai abokan wasa irin su Mutuwa Dole da Bariki, da ƙananan sojoji da matansu da 'yan gari masu shigowa da fita. Kowane mako wata 'yar matsala kan taso, ta gida ko ta aiki ko ta kuɗi, Samanja ya tunkare ta da tsawa da dokar soja, ita kuwa rayuwa ta ƙi yi masa fareti.

Zaɓen wannan muƙami na samanja shi ne hikimar farko. A tsarin soja samanja tsakiya yake, ba hafsa ba ne, ba kuma kurtu ba. Na ƙasa da shi na rawar jiki in sun gan shi, shi kuma yana ƙamewa a gaban yaron da bai kai ɗansa ba, don kawai yaron ya yi makaranta ya sami tauraro a kafaɗa. Saboda haka a jikin mutum ɗaya mai kallo yana ganin mai danniya da wanda ake dannewa. Da safe zaki ne, da rana ɗan aike, da dare kuma maigida ne da cefane ya gagara. Babu ma'aikacin da bai san wannan hali ba, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. Helman lebura ya san shi, haka ma hedimasta da wakilin dagaci.

Hikima ta biyu ita ce harshen. Samanja yakan yi tsalle daga Hausa zuwa buroka zuwa kalmomin fareti a cikin numfashi guda, kuma kowane sauyi yana da dalilinsa. In yana son ya nuna iko sai Turanci ya yi yawa, in ya shiga uku sai Hausa ta dawo. Wanda ya taɓa jin Alhaji Usman yana hira a wajen wasa ya san cewa Hausarsa ta fi ta Samanja nesa ba kusa ba. Ashe karyewar da muke ji aiki ce, zaɓaɓɓiya ce, an auna inda za a sa kowane kuskure don ya haifi ma'ana biyu. Mai lalata harshe da gangan sai ya fi mai gyara shi sanin ƙa'idarsa.

Akwai kuma abin da ya sa dariyar ba ta zama cin fuska ba. Da Bakano ne ya fito yana kwaikwayon Hausar baƙi, da sai a ce raini ne. To amma mai wasan Banufe ne, shi ma baƙon harshen ne, kuma tsohon soja ne, wato da kansa da 'yan'uwansa yake yi. Daɗin daɗawa, al'adarmu ta riga ta tanadi gurbin irin wannan, tun da akwai wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi. Bahaushe ya saurari Samanja da kunnen abokin wasa, wanda ba Bahaushe ba kuma ya ji muryarsa ce ta fito a akwatin gwamnati ba tare da an ce ya je ya gyara ba. Shiri ɗaya ya tara su a tabarma guda.

Farin jinin shirin ya sa a shekarun 1980 Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 ta haɗiye gidajen talabijin na jihohi, ta ɗora shi a kan zangon da ake kallo a duk faɗin Nijeriya. Don a gamsar da masu kallo na kudu sai aka rinjayar da harshen zuwa buroka. Wannan ya kai sunan Samanja har Ikko da Fatakwal, amma a ganinmu an biya kuɗinsa da tsada, domin daɗin wasan yana wurin da Hausa da Turanci ke karo ne, kuma in aka janye ɗaya, ɗayan ba shi da abokin kokawa.

Iyakar Dariyar

Yanzu sai mu zo ga tambayar da bai kamata ƙauna ta hana mu yi ba. Shin Samanja mai sukar mulkin soja ne, ko kuwa mai shafa masa mai? Dalilin tambayar shi ne, a daidai wannan zamani wasu sun taɓa soja sun ji a jikinsu. Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙar Zombie yana yi wa sojoji ba'a a kan bin umarni ido rufe, kuma a watan Fabrairu na 1977 sojoji suka far wa gidansa a Ikko suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa daga bene, ta rasu a shekarar da ta biyo. A 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin Doka ta 4. Shi kuwa Samanja a gidan rediyo da talabijin na gwamnati yake yin nasa, sojoji kuma suna cikin manyan masoyansa. Me ya raba su?

Amsar tana cikin al'adarmu ta wasanni. Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da hanyoyin da yake kwaikwayon masu iko a gabansu ba tare da an sare kansa ba. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu masu muƙamai su yi mulkin kwana kaɗan. 'Yan kama kan yi shigar malamai su mai da karatu zancen tuwo da miya, yara kuma a tashe cikin watan azumi ba wanda suke bari. Duk waɗannan suna da sharaɗi guda da ba a rubuta ba: a taɓa hali, kada a taɓa kujera. Samanja ya gaji wannan sharaɗi, ya kuma kiyaye shi. Tsawarsa ba ta wuce ƙofar bariki ba, ba ta kai Barikin Dodan inda ake raba arzikin ƙasa ba. Ya yi wasa da kofur da saje, ya bar janar.

Wannan iyaka ce ta gaskiya, kuma wanda ya ce dariyar ta taimaka wajen sa mutane su saba da kaki bai yi ƙarya ba. Sai dai a tuna cewa talaka ba ya haɗuwa da janar. Hukumar da ya sani ita ce mai igiya biyu ko uku a hannun riga da ke tare shi a hanya. Shirin ya ɗauki wannan mutum ya tuɓe masa kwarjini, ya nuna shi yana cin bashi, yana rikici da iyali, yana kuskuren lissafi. Wanda ka yi wa dariya daren jiya, tsoronsa ba ya cika maka ciki da safe kamar da. Haka kuma shi sojan da ke kallo an ba shi madubi, an nuna masa yadda zaluncin ƙarami ke zama abin kunya. Wannan ba juyin juya hali ba ne, amma a ƙasar da ta fito daga yaƙi, rage tsoro tsakanin maƙwabta ba ƙaramin aiki ba ne.

Samanja a Bakin Ruwa

Wani zai ce me ya haɗa manomin karkara da labarin bariki? Yankinmu na Kura da Bunkure ya isa misali. Shekarun da Samanja ya fara tashe su ne shekarun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974, aka kuma jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da kewaye don noman rani. Wannan aiki ya kawo wa ƙauyukan iyayenmu irin mutanen da a da sai a Kaduna ko Sabon Gari ake ganinsu: 'yan safiyo, direbobin tarakta da katafila, malaman gona, masu gadi waɗanda da yawansu tsofaffin soja ne, har da injiniyoyi daga ƙasar Holan. Daga baya, a 1976, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da nata ma'aikatan daga sassa daban-daban. Wato Barikanci ya biyo ruwa ya shigo gona. Manomin da aka auna gonarsa aka sake yanka masa ita, aka ce ga ranar da za a sako ruwa, ga irin alkamar da zai shuka, ya san ma'anar zama a ƙarƙashin mai ba da oda da karyayyar Hausa.

Saboda haka da muryar Samanja ta fito daga 'yar rediyo mai batir da aka rataye a kan keke ko aka ajiye a kan kunya wajen ban ruwa, ba baƙon abu aka ji ba. Talabijin kuwa, a wancan lokaci sai gidan mai hali ko dandalin da aka tanada, inda yara da manya kan yi cincirindo. Har sunan ya fita daga akwati ya shiga bakin jama'a. Zuwa yau a makarantunmu, malamin da ya cika tsawa a taron safe ba ya rasa yaran da za su laƙaba masa Samanja a bayan idonsa, ko da yaran ba su taɓa ganin shirin ba. Ɗan wasan da sunansa ya zama siffa a harshe ya gama cin jarrabawa.

Bayan Kiɗa Ya Canza

Samanja bai yi zamaninsa shi kaɗai ba. Akwai Kasimu Yero na Karambana, wanda ya fito a Magana Jari Ce ta talabijin da kuma Cock Crow at Dawn, shirin da aka yi don jawo hankalin mutane ga noma. Akwai Karkuzu a Jos, da masu Kuliya Manta Sabo a Kano. A fagen majigi kuma Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976. Waɗannan mutane su ne gadar da ke tsakanin wasannin dandali na makarantu da kulob-kulob da kuma finafinan bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990.

Da bidiyo ya kankama sai kasuwa ta koma Kano, labari ya koma soyayya da rawa da waƙa, gidajen gwamnati kuma kuɗin shirya wasanni ya ƙafe musu. Barkwanci ya koma hannun su Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma tsohon ma'aikacin kaki ne na gidan yari, shi ma kuma ya ci abinci da kwaikwayon bakin wasu ƙabilu har ya rasu a 2014. Hanyar da Samanja ya share ce aka bi, ko da yake ba duk mabiya ne suka gaji ladabinsa ba. Tsofaffin kuwa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya: Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025.

Bashin da Ke Kanmu

A nan ne maganar ta dawo kanmu, 'yan'uwa marubuta. Galibin wasannin rediyo da talabijin na wancan zamani ba a rubuta su kalma da kalma ba. Akan tsara ƙashin labari ne, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma ya fito daga bakin ɗan wasa a nan take. Wannan ne ya ba su armashi, shi ne kuma ya sa suke da saurin ɓacewa. Zaman Duniya Iyawa Ne ya shiga littafi a 1980, don haka ɗalibi na iya riƙe shi a hannu. Abin da yawancin matasa ke iya gani na Samanja a yau guntaye ne masu dishi-dishi a YouTube. Baturen nan Graham Furniss ya ba irin waɗannan wasanni gurbi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, amma da Turanci ya rubuta, ba don manomin Kadawa ba.

Abu biyu muke ganin sun wajaba. Na farko, a nemi abin da ya rage na faifai da kaset, a zauna a juye su a takarda, a kuma yi hira da sauran waɗanda suka yi aiki da shi tun suna da rai. Mai juyewar kuma ya kame hannunsa daga gyara. In Samanja ya ce saya, a rubuta saya, kada a sa masa ts don tsoron mai duba jarrabawa, domin gyara Hausar Samanja daidai yake da aske masa gashin baki.

Na biyu ya shafi namu rubutun. Mu duba littattafanmu na hikaya da wasan kwaikwayo mu gani: sau nawa maigadi da farfesa da mai tallar nono da ɗan kasuwar Sabon Gari suke magana da baki ɗaya, wato bakin marubucin? Muna zaune a cikin Hausa iri-iri, ta Sakkwato da ta Damagaram da ta tasha da ta bariki da ta 'yan kwanar tumatir, amma in muka ɗauki alƙalami sai mu toshe kunne. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta mai ba da labari, wannan ba gardama. Taurarin labari kuwa a bar kowa ya yi magana da harshen da Allah Ya ba shi, cikin adalci, ba don a wulaƙanta shi ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda ɗan gidan sarautar Pategi ya zo Kaduna ya koyi Hausa da kunnen baƙo, ya shiga soja ya ga bariki da idon ɗan gida, sannan ya haɗa biyun ya gina mutum guda da ya rayu a bakin jama'a fiye da shekara hamsin. Mun ga cewa dariyarsa tana da iyakar da ba ta tsallake ba, mun kuma ga amfanin da ta yi a cikin wannan iyaka. Sauran aiki ya rage ga masu alƙalami, kuma tun da sauran shaidu a raye ya kamata a fara. Allah Ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi da sauran mazan jiya na wannan fage, Ya gafarta musu kurakuransu, amin.